Giɓin da Yaya Yake Bari a Faifai

Yayana ba ya gaisawa da mutane da safe sai ya gama gaisawa da faya-fayansa. Mun saba, har mun daina jin haushi. Ƙarfe bakwai da rabi zai turo ƙofar ɗakin kwamfuta, ya zura tsohuwar rigar sanyinsa mai faci a gwiwar hannu, ya bi akwatunan nan takwas ɗaya bayan ɗaya yana ɗora tafin hannu a kan kowanne, kansa a karkace. Sai ya kai ƙarshen layi zai waiwayo ya ce, "To, an tashi lafiya?" Wata rana ma ba za ka samu gaisuwar ba, sai dai ka ji ya ce, "Na uku yana haki yau. Wa ya labta masa kaya jiya?"

Ɗan wan mahaifina ne, ya ba ni shekara goma sha huɗu. A gidansa na yi sakandare, a ɗan ɗakin bakin ƙofa inda matarsa take ajiye keken ɗinkinta. Ina kiransa Yaya, ita kuma Anti. Ita ba ta taɓa kirana da sunana ba. Ƙanzo take ce mini, saboda ni ne mai kankare tukunya bayan kowa ya ƙoshi. A wurin aiki kuwa shi ma sunansa ya ɓace, kowa Mai Faifai yake ce masa.

A hukumar shirya jarrabawa muke aiki. Duk shekara ɗalibai fiye da dubu ɗari uku suke zama jarrabawar, kuma sunan kowane ɗalibi da makarantarsa da makinsa na kowane darasi, duk a cikin babbar kwamfuta guda suke. In na ce babba, to babba nake nufi. Ita kaɗai ta cinye ɗaki, na'urorin sanyi huɗu suna hura mata iska ba hutu, an ɗage daɓen ɗakin don wayoyi su bi ta ƙarƙashi. Akwatunan faifai suna jere a gefe guda, kowanne ya kai injin wanki girma. A cikin kowane akwati akwai faya-fayai bisa juna suna juyawa, da wani hannun ƙarfe mai shiga da fita, shi yake ɗauko abin da aka nema, shi yake ajiye abin da aka kawo.

Yaya bai gama sakandare ba. Mahaifinsa ya rasu yana aji biyu, ya bar karatu, ya samu aikin masinja a hukumar. Lokacin da aka kawo kwamfutar, masu haɗa ta suka buƙaci mai ɗauke musu kaya, aka tura shi. Suka gama suka tafi, shi bai fita daga ɗakin ba. Ya yi shekaru yana ɗura takarda a na'urar bugawa, yana ɗora tef ɗin adana bayanai yana saukewa, yana tambayar duk wanda ya shigo har a gaji da shi. A hankali aka lura cewa in aiki ya yi nawa, shi ne yake fara faɗin akwatin da matsalar take, kuma ba ya kuskure. Da mai kula da faya-fayan na farko ya bar aiki, ba a nemi wani ba.

Abin da ya gano ya sha faɗa mini tun ina ɗan sakandare, muna shan shayi, ni ko a jikina.

"Ita kwamfutar nan ba ta da nawa," in ji shi. "Kafin ka ƙifta ido ta gama lissafinta. Jira ne yake kashe ta. Zaune take tana jiran hannun nan ya je ya dawo. To ni aikina ke nan, in rage masa tafiya."

Anti ta ce, "Kullum hannu, kullum hannu. Ka bar yaro ya sha shayinsa."

"Ke ma ai kin san aikin. A ina kike ajiye gishiri?"

"Kusa da murhu mana."

"Me ya sa ba kya kai shi ɗakin kwana?"

"Don ban haukace ba."

"To shi ke nan. Abin da nake yi ke nan ake ce mini gwani."

Haka yake yi kuwa. Fihirisar ɗalibai, wadda ba a buɗe komai sai an fara leƙa ta, a tsakiyar faifai yake dasa ta, don ko daga wane gefe hannu ya taso tafiyar rabi ce. Fayil ɗin sunaye da na maki, tunda tare ake kiransu, ba ya yarda su kwana a akwati ɗaya, ba ya ma yarda su bi waya ɗaya zuwa kwamfutar. Kowanne da hannunsa, kowanne da hanyarsa. Yana kuma yawan faɗa da masu rubuta manhaja a kan su riƙa ɗaure bayanai dami-dami, hannu ya kwaso da yawa a tafiya ɗaya, maimakon ya yi ta zarya a kan ɗai-ɗai. Ba shi da wata na'urar awo sai kunnensa da kofin gilashi. Yakan zuba ruwa rabin kofi ya ɗora a kan akwati. In ruwan yana ɗan motsi, lafiya lau. In ya fara rawa yana dukan gefe, to hannu yana gudu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, akwai abin da ya zauna ba a mazauninsa ba. Duk tsarin yana cikin wata taswira da ya zana da fensir a bayan takardar bugawa, a ninke a aljihun gabansa. An goge an sake zanawa har takardar ta yi laushi, kuma babu mai iya karanta ta sai shi.

Sai kuma giɓi. A gefen kowane fayil mai girma yakan bar fili fayau, ba komai a ciki, kuma ba ya bari kowa ya taɓa. Wannan giɓin ne ya shiga tsakanina da shi.

Na je jami'a na karanta kwamfuta, kuma shi ya tsaya mini har na gama. Da na dawo, shi ya kai takarduna hukumar da hannunsa. Cikin shekara shida aka ɗora ni a kan sashen gaba ɗaya, wato na zama shugaban Yaya. Ranar da takardar ta fito ya fi ni murna. Ya riƙe hannuna ya zagaya da ni ofis-ofis yana cewa, "Ga injiniyanmu, a gidana ya tashi." Anti kuwa da na je gaishe ta, cewa ta yi, "Ƙanzo ya zama oga! To oga, tukunya tana nan tana jiranka."

Ni mutum ne mai son tsari, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Duk wata nakan buga rahoton faya-fayai, in ga kusan kashi ashirin da biyar cikin ɗari babu komai a ciki, raina ya ɓaci. Fayiloli a warwatse, wannan a akwati na ɗaya, ɗan'uwansa a na biyar, babu wani jeri da ido zai bi.

"Yaya, wannan ai ɓarna ce," na ce masa wata rana. "Fili kamar filin ƙwallo, an bar shi haka nan."

"Ba a bar shi haka nan ba, yana da mai shi. Fayil ɗin maki yanzu ɗan mitsitsi ne. Bari a fara shigar da maki ka ga yadda zai kumbura. In bai samu fili a gefensa ba, sai ya tsinke gida-gida, rabi nan rabi can, hannu ya yi ta bin gutsattsarinsa."

"Na san wannan, mun karanta."

"To madalla, tunda kun karanta."

Na sani ɗin kuwa, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Yana cikin littafi, na ci jarrabawa a kai. Kawai dai na ɗauka tsoho ne yake zuzuta abinsa don a ce ba a iya yi sai da shi. Akwai kuma wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Muna da mata sittin masu buga maki a babban zaure, kowacce da allonta. Duk sanda allo ya yi jinkirin amsawa, shugabarsu za ta leƙo ɗakin kwamfuta, ta wuce ni ina zaune da digirina, ta ce, "Ina Mai Faifai?" Wannan tambayar tana sukata kullum.

A shekarar da abin ya faru, hukumar ta ƙaro sabuwar jarrabawa ta masu zama daga gida, waɗanda ba sa makaranta, Darakta ya kira ni ya ce in nemo wa bayanansu wuri. A daidai lokacin ne kuma likita ya ce sai an yi wa Anti aiki a ciki. Yaya, wanda rabonsa da hutu har an manta, ya nemi kwana goma daga ranar Litinin. Ran Juma'a da yamma ya shigo ofishina ya ajiye mini ambulan a manne.

"Lambata ce ta shiga kwamfuta," in ji shi. "Ka san ita kaɗai ke iya motsa fayil. Doka ta hana in ba wani, amma kai ba wani ba ne. Ko da wani abu zai taso. In bai taso ba, ka mayar mini da ita yadda take."

"Ba komai, Yaya. Allah ya ba Anti lafiya."

"Amin. Batun sabon aikin nan kuma, ka jira ni. Akwai inda na tanada."

Ban jira shi ba. Washegari Asabar da hantsi na zo ofis ni kaɗai, na yage ambulan. Na kwashe fayilolin duka na jera su bi da bi bisa haruffan sunayensu, na matse su gam, ban bar giɓi ko na shigar allura ba. Abin da yake cin akwati takwas ya koma shida. Kafin la'asar na gama, na buga rahoto na zauna ina kallonsa, ya yi kyau kamar an ja layi da rula. Ran Litinin na sanar da Darakta cewa na samo akwati biyu cur, ya yaba mini a gaban mutane. Kafin Laraba an cika su da bayanan sabuwar jarrabawa.

Ran Alhamis aka fara shigar da maki.

Da farko allo yana amsawa cikin daƙiƙa biyu maimakon ɗaya, babu wadda ta kula. Kafin azahar ya kai goma. Ran Litinin ta sama mace za ta buga makin ɗalibi ɗaya, ta naɗe hannu, ta yi hira da maƙwabciyarta, ta dawo bai amsa ba. Wasu suka fara zuwa da saƙa. Shugabarsu ta leƙo ta ce, "Ina Mai Faifai?" Na ce yana asibiti. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To Allah ya dawo mana da shi lafiya," ta fita.

A ɗakin kwamfuta kuwa ba sai an ɗora kofi ba. Akwati na biyu yana jijjiga har ana ji a tafin ƙafa, ƙaf-ƙaf-ƙaf, ba sassauci. Jerin haruffan da na bi ya haɗa fihirisa da sunaye da maki a akwati ɗaya, don a kwamfuta sunayen fayilolin ukun da harafi ɗaya suka fara, wannan a bakin faifai, wancan a can ƙurya. Fayil ɗin maki kuma ya kumbura bai samu wuri ba, ya tsinke gida goma sha wani abu. Na gane abin da na yi tun ranar farko. Amma mayarwa ta gagare ni. Akwatunan biyu sun cika, ba a isa a tsayar da kwamfuta ana tsakiyar shigar da maki ba, taswirar kuma tana aljihun Yaya a asibiti. Kullum da yamma ina zuwa duba Anti, in same shi a bakin gado yana yi mata fifita, ya tambaye ni faya-fayansa, "Ya mutanena?" In ce, "Lafiya lau." Da na buɗe baki sau ɗaya, da ya zana mini mafita a bayan takardar magani. Kunya da girman kai suka rufe mini baki.

Ranar da ya dawo, bai ko kai ga rigar sanyinsa ba. Ya turo ƙofa ya tsaya cak, ya karkata kai. Ya yi kamar minti ɗaya a haka. Sannan ya wuce na ɗaya bai taɓa shi ba, ya je ya ɗora hannu a kan na biyu.

"An haɗa sunaye da maki a nan," in ji shi, a hankali. "Har da fihirisa."

Ya juyo ya dube ni sau ɗaya.

"Na bakwai da na takwas fa?"

"An zuba musu sabon aikin."

"To," ya ce. Ya je ya ɗauko rigarsa ya saka.

Ya fito da taswirarsa ya shimfiɗa, ya fara gyara. Lokacin cin abincin rana, in matan sun tashi, ya samu minti arba'in ya kwashe fayil ɗaya zuwa tef ya sauke shi a wani wuri. Ranakun Lahadi ya wuni a ɗakin, ga mara lafiya a gida. Cikin mako biyu jijjigar ta kwanta, allo ya dawo yana amsawa kafin mace ta ɗaga yatsa. Amma lokacin da aka rasa ya riga ya tafi. Sakamako ya makara da mako uku, wasu jami'o'i suka rufe ɗaukar ɗalibai, iyaye suka cika bakin ƙofar hukumar, jaridu suka yi ta yayatawa. Aka kafa kwamitin bincike na mutum huɗu, kuma da yake ni ne masanin kwamfuta na hukumar, aka sa ni a ciki.

Kwamfuta tana rubuta duk abin da aka yi mata, da lambar wanda ya yi. Darakta ya ɗaga takardar ya karanta: ranar Asabar, kwana biyu kafin fara hutun Mai Faifai, an motsa fayiloli kaza da kaza. Yaya yana zaune a kujera ɗaya tilo a gabanmu, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Wannan lambar taka ce?" in ji Darakta.

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Akwai wanda ya san ta ban da kai?"

Ina zaune a hannun hagun Darakta, biro a hannuna. Yagaggiyar ambulan ɗin tana cikin durowata a ofis. Yaya bai dube ni ba. Ya yi shiru, shirun da ya isa mutum ya gyara murya ya ce, ni ne. Na san don ni ya yi shi. Na sunkuyar da kai ina zana layi a takarda.

"Lambata ce," in ji shi daga baya. "Duk abin da aka yi da ita yana wuyana."

A lokacin na gaya wa kaina dalilai iri-iri. Ana shirin ba ni muƙamin mataimakin darakta. Matata tana da tsohon ciki. In na yi magana shi ma ba zai tsira ba, tunda ya karya doka ya ba ni lambar. Shi saura shekara biyar ya yi ritaya, ni yanzu na fara. Duk gaskiya ne, kuma duk banza ne. Tsoro na ji, shi ke nan. Ban tsaya a shiru ba ma. Da aka ce in rubuta ɓangaren fasaha na rahoton, da hannuna na rubuta cewa hukumar ta daɗe tana dogara da tsohuwar hanya ta aiki da ka, wadda babu ita a rubuce. Har yau ina iya karanto jimlar nan ba tare da na duba ba.

Ba a kore shi ba, saboda daɗewarsa. An mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin takardun amsa, can bayan gini, inda babu abin da yake motsi sai fanka. Ranar da zai koma can, ya shigo ofishina ya ajiye mini wata babbar takarda. Taswirar ce, ya sake zana ta da biro, ya rubuta sunan kowane fayil da manyan haruffa, ya ja kibiya a kan kowane giɓi ya rubuta girman da zai kai da watan da zai kai shi.

"Ka riƙa ɗora kofi a na biyu da na biyar," in ji shi. "Su ne masu rigima."

"Yaya..." na ce.

Ya tsaya, hannunsa a kan marfin ƙofa. Ya jira.

"Na gode," na ce.

Ya gyaɗa kai ya fita.

Da wannan taswirar na yi aiki shekara tara. Sakamako bai ƙara makara ba, shekara biyu ma ya fito kafin lokaci, aka ba ni takardar yabo. Na samu muƙamin. Yaya ya cika shekarunsa biyar a cikin ƙurar takardu ya yi ritaya, aka ba shi agogon bango. Zumunci bai yanke ba. Ya zo sunan 'ya'yana duka, na je auren nasa 'ya'yan, in mun haɗu mu gaisa, ya tambaye ni mutanensa. Bai taɓa ɗaga maganar ba ko da wasa. Anti ce kawai ta canza. Tun daga shekarar nan ba ta ƙara ce mini Ƙanzo ba. In na je sai ta shimfiɗa mini darduma mai kyau, ta kawo abinci a kwanon baƙi, ta ce, "Sannu da zuwa, Injiniya." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na sha ɗaura niyya. Sau nawa na tuƙa mota har bakin layinsu da maganar a bakina, in shiga in tarar da baƙi, ko in tarar babu kowa amma in ce yau ba ta dace ba. Ana haka kunnensa ya fara tafiya. Shekara talatin a cikin ƙarar na'urorin sanyi da faya-fayai ba wasa ba ne. Na hagu ya fara mutuwa, wanda yake karkatawa wajen akwati. Na dama ya bi shi a hankali. Da farko sai an ɗaga murya, daga baya sai an yi ihu. Na ce wa kaina wannan ba maganar da za a yi da ihu ba ce, na samu sabon dalili. Babbar kwamfutar ma an kwance ta an fitar da ita gunduwa-gunduwa. Abin da ya maye gurbinta bai kai firji ba, kuma ba ya ƙara ko kaɗan.

Bara na yi ritaya. Ina kwashe kayan durowata na ci karo da ambulan ɗin, shekara goma sha tara tana nan. Na sa ta a aljihu na wuce gidansa kai tsaye, ko gida ban biya ba.

Na same shi a barandar tsakar gida a kan kujerar roba, rigar sanyin nan a jikinsa duk da ana zafi. Ya tsufa sosai. Yanzu ba ya ji ko kaɗan, don haka an rataye masa littafin rubutu da biro a hannun kujera, duk mai magana da shi sai ya rubuta. Na buɗe littafin ina neman shafin da babu komai. Na wuce rubutun Anti: "Ka sha maganinka." "Ruwan wanka ya yi zafi." "Yaran sun bugo waya suna gaishe ka." Anti tana zaune a gefe tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

Na ajiye ambulan a cinyarsa. Na rubuta: "Yaya, ni ne na motsa fayilolin ranar Asabar ɗin nan. Na yi shiru aka ɗora maka. Ni na rubuta rahoton. Ka yafe mini."

Ya sa tabarau ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Ya juya ambulan ya duba inda na yage. Sannan ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryarsa.

"Ai na sani. Tun daga bakin ƙofa na sani. Wa zai jera fayil bisa haruffa in ba ɗan jami'a ba?"

Ya ɗan yi dariya. Ni ban iya ba. Na karɓi biro na rubuta: "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In tashi a gaban mutane in ce yaron da ya tashi a gidana ne? Ba zan iya ba." Ya cire tabarau ya riƙe. "Rabuwa da aikin ba ta dame ni ba kamar yadda kake zato. Na yafe maka tun kafin a gama zaman. Abu ɗaya na so. Na so in ji daga bakinka. A gaban kwamiti na jira. A ofishinka na jira. Can ɗakin takardu, duk wanda ya taɓa ƙofa sai in ce kai ne. Da kunnen hagu ya tafi, na ce ba komai, akwai na dama, in ya zo zan ji."

Anti ta daina tsintar shinkafa.

Na durƙusa a gabansa, na kai bakina daidai kunnensa na dama, na faɗa da dukkan ƙarfina, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na ce ni ne, Yaya, ni ne na yi. Na faɗa sau uku.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ɗaga tafin hannunsa ya ɗora a ƙirjina, ya karkata kai yadda yake yi wa akwatunan nan.

"Sake faɗa," in ji shi.

Na sake faɗa.

Ya daɗe hannunsa yana wurin. Sannan ya janye shi ya mayar kan gwiwarsa.

"Ina jin motsin," ya ce. "Maganar ce dai ba na ji."